Teku a Kan Tudu

Ni ce Ailén, aji biyar, kujerar bakin taga,
makarantarmu na gefen kogin Chubut,
inda iska ke cire wa mutum hula ba sallama.
Malama Griselda ta ce mu rubuta abin da muka koya bana.
Na tauna gindin fensir har ya yi laushi.
Ga abin da ya fito.

Wata Talata muka hau farin tudun bayan gari,
kowa da cokali da tsohon burushin haƙori.
Eluney ne ya fara ihu:
Kumba! Kumbar kawa, ta fi tafin hannunsa faɗi,
ga nauyi kamar ɗan dutsen niƙa,
a nan, inda ƙaya ma da ƙyar take tsiro,
teku kuwa sai mota ta gaji kafin a hango shi.

"Malama, wa ya kawo ta?"
Ta gyara gyale, ta ce, "Ku fa, me kuka gani?"
Haushi ya kama ni.
Ina amfanin babba in ya sani ya ƙi faɗa?

Bautista ya ce tsuntsu ne ya yar da ita.
Muka ƙirga: ɗari da sha bakwai a taku ashirin.
Wane tsuntsu ne wannan mai sakin baki?
Tegai ta ce kakanninta da suka zo a jirgin ruwa
su suka ci suka zubar.
Ta je ta tambayi kakarta,
tsohuwa ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta.
Washegari Tegai ta soke amsarta da jan biro,
ko kuka ba ta yi ba.
Da ni ce, da na yi.

Nawa kuskuren ya fi na kowa.
Na tsinci wani ƙashi, na rantse na dodon dā ne,
na naɗe shi a safa, na kwana da shi ƙarƙashin matashi.
Mutumin gidan tarihi ya juya shi, ya auna a hannu,
ya ce, a hankali, na tunkiya ne, ta bara ko ta bara waccan.
Aji ya kwashe da dariya, kunnuwana suka ɗau zafi.
Sai ya ɗora mini na gaske a ɗaya hannun:
sanyi, nauyi, ya riga ya zama dutse.
Hannuna ya gane kafin kaina ya gane.

Muka koma tudun sau uku.
Gefensa hawa-hawa ne kamar kek ɗin biki,
na ƙasa ya girmi na sama.
Can ƙasa Eluney ya tono haƙorin wani ƙaton kifi,
baƙi, har yau da kaifinsa.
Tsuntsu ba ya ɗauko wannan.
Kakar kowa ba ta ci wannan ba.
Muka yi tsit.
Bautista ne ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa:
"Ba kawo su aka yi ba. Nan ne gidansu."

Malama ba ta tafa ba.
Ta dai zauna a ƙasa tare da mu, ƙura har gira.

Da dare na ce wa Baba
tumakinsa a gindin teku suke kiwo.
Ya tsotsi shayinsa na mate, ya daɗe yana kallon waje,
ya ce, "To ina ruwan ya tafi?"

Ban sani ba.
Na rubuta a shafin ƙarshe, na ja layi biyu.
Malama, wannan ce amsata:
na shigo aji biyar da tambaya ɗaya,
zan fita da tara,
da ƙashin tunkiya a cikin safa.